Yadda ake fara farautar maki a gem ɗin ruwan harsashi

Akwai wani irin gem da idan mutum ya ga bidiyonsa karo na farko cewa yake wannan ai ba na mutane bane. Ɗan ƙaramin jirgi a ƙasan allo, daga sama kuma harsasai kala-kala suna ta zubowa har ka rasa inda jirgin yake, amma mai bugawa yana ta ratsawa ta tsakiyarsu hankalinsa kwance. Japanawa danmaku suke ce masa, a intanet kuma zaka fi ganinsa da sunan bullet hell, mu dai a nan ruwan harsashi zamu riƙa cewa. To abin da yawancin masu kallo basu lura da shi ba shine wancan mai bugawar ba tsira da rai ne a gabansa ba, wannan ya wuce wajen tuntuni, lambar nan da take ta hauhawa a saman allo ita yake bi, wato maki. Kuma wallahi nan ne daɗin gem ɗin yake, duk wanda ya tsaya a "na gama shi" rabin abin kawai ya gani.

Bari in ɗan taɓa asali kaɗan don sai ka san dalilin da yasa aka gina su haka zaka gane yadda ake bugasu. A Japan abin ya taso, a gidajen gem na akwatuna da ake jefa kwabo. Kamfanin Toaplan ya fitar da Batsugun a 1993 wanda ake ganin shine ya buɗe ƙofar, a 1994 kamfanin ya rushe, wasu daga cikin ma'aikatansa suka kafa Cave, suka fitar da DonPachi a 1995 sannan DoDonPachi a 1997, daga nan salon ya zauna da gindinsa. Gem ɗin akwati gajere ne, yawanci lebul biyar ko shida, cikin minti ashirin da wani abu zuwa arba'in an kai ƙarshe. To me zai sa mutum ya ci gaba da jefa kuɗinsa bayan ya gama? Maki. Shi yasa suka zuba duk zurfin gem ɗin a tsarin maki, har mujallar Gamest ta riƙa buga sunayen waɗanda suka fi kowa maki a faɗin Japan, da ta daina fitowa a 1999 mujallar Arcadia ta ɗora daga nan. Kaga kenan farautar maki ba wani ƙari bane da 'yan wasa suka ƙirƙiro daga baya, don ita aka yi gem ɗin.

Da farko, zaɓi gem ɗaya tak

Wannan shine matakin da mutane suka fi tsallakewa kuma shi yafi kowanne. Kar ka tara gem goma yau wannan gobe wancan, ba zaka taɓa yin nisa ba, saboda maki a nan daga sanin gem ciki da bai yake zuwa, sanin wane maƙiyi zai fito ta ina a wane lokaci, kuma wannan sanin baya tsallakawa daga wani gem zuwa wani. Ka ɗan ɗanɗana uku ko huɗu na 'yan kwanaki ba laifi, amma daga nan ka tsayar da ɗaya wanda kiɗansa da kamanninsa suka kwanta maka, don lebul ɗinsa na farko zaka ganshi sau ba adadi, in kiɗan yana ɓata maka rai tun yanzu to ka canza.

In kwamfuta kake da ita, a Steam, wato shagon sayen gem na kwamfuta a intanet, akwai Mushihimesama na Cave wanda asalinsa na 2004 ne, yarinya ce a kan wani ƙaton ƙwaro tana yaƙi da ƙwari, kuma akwai yanayin Novice na sababbin shiga kafin ka hau Original, Maniac da Ultra. Akwai DoDonPachi Resurrection, akwai Deathsmiles, akwai Crimzon Clover wanda shima yana da Novice mai kyau sosai, akwai Ikaruga na kamfanin Treasure. Sannan ga jerin Touhou da mutum ɗaya da ake kira ZUN yake yi, wasu daga ciki suna Steam, suna da Easy, Normal, Hard da Lunatic. Ni a ganina sabon shiga ya fara da Mushihimesama ko Crimzon Clover ko wani Touhou a Normal, Ikaruga kyakkyawa ne amma tsarinsa daban yake da sauran, in ba shi ne ya burge ka tun farko ba ka ajiye shi tukunna. Wani abin daɗi kuma waɗannan gem ɗin basu da nauyi, tsohuwar laftof ma tana jan yawancinsu, kuma da zarar ka sauke ba sai da data zaka buga ba. Akwai na waya ma irin su Danmaku Unlimited, sai dai ka sani jan jirgi da yatsa a kan allo wani abu ne daban, makin waya ba a haɗa shi da na kibod ko kontirola.

Gyara kayan aikinka kafin komai

Ba sai ka sayi sandar akwatin gem mai tsada ba, kibod ya isa, 'yan Touhou da yawa da kibod suke yin abubuwan mamaki, kibiyoyi na tafiya, Z na harbi, X na bom (makamin gaggawa mai share harsasan da suka taso maka), Shift na rage gudu. Abin da zaka kula da shi shine jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin jirgi. Waɗannan gem ɗin kusan hoto 60 suke nunawa a duk daƙiƙa ɗaya, jinkirin hoto huɗu ko biyar kawai ya isa yasa ka riƙa karo da harsashin da ka riga ka gani ka kauce masa a zuciyarka. In a talabijin kake bugawa ka shiga saitin ta ka kunna Game Mode, in da hali kayi amfani da kontirola mai waya a maimakon mara waya, in laftof ce ka cire ta daga yanayin tattalin batir don yana rage mata ƙarfi gem ya riƙa sarƙewa. Yawancinsu allonsu a tsaye yake ba a kwance ba, in kana da monita da zaka iya juyawa ka juya ta ka saita gem ɗin, komai zai ƙara girma, in babu kuma ba matsala bane.

Saitin cikin gem kuma ka barshi yadda yazo. Kar ka ƙara yawan rai, kar ka ƙara bom, duk makin da aka samu da saitin da aka taɓa babu wanda yake lissafa shi.

Ka san inda jirginka yake mutuwa

Jirgin da kake gani ba duka jikinsa bane yake ɗaukar harsashi. Wani ɗan ɗigo ne kawai a tsakiya, harsashi zai iya bi ta kan fiffike ya wuce ba abin da zai same ka. A wasu gem ɗin ana nuna ɗigon ƙarara, a Touhou tun daga Perfect Cherry Blossom na 2003 yana bayyana idan ka riƙe Shift, a wasu kuma sai ka gano shi da kanka. Ka ware zama guda don wannan kawai, ka shiga lebul na farko ka riƙa matsawa kusa da harsashi da gangan har ya kashe ka, sai ka san iyakar. Harsasan ma haka suke, manyan nan masu ban tsoro sau da yawa tsakiyarsu ce kawai take kisa, gefen haske ne. Sannan batun ido, sabon shiga yakan kafe ido a kan jirginsa, to kafin ya ga harsashi ya riga ya iso. Ka ɗaga idonka kaɗan sama da jirgin kana kallon hanyar da zaka bi, kuma gurbin da babu harsashi zaka nema da ido, ba harsasan zaka tsaya ƙirgawa ba.

Harsashi kala uku ne

Duk wannan ruwan da kake gani in ka natsu kashi uku ne. Akwai wanda kullum hanya ɗaya yake bi ko kana ina, wannan haddace shi ake ka san inda zaka tsaya. Akwai wanda ake watsowa barkatai, wannan sai ido da natsuwa. Sai na uku wanda yafi yawa kuma shi yafi kashe sababbi, wanda ake auno ka da shi, wato inda kake a lokacin da aka harbo nan zai nufa.

Wannan na ukun ka tsaya ka fahimce shi da kyau don shine rabin gem ɗin. Tunda inda kake aka auna, in ka matsa ɗan kaɗan kawai ya wuce ta gefenka. Sabon shiga da ya ga an harbo sai ya kwasa da gudu daga wannan bango zuwa wancan, su kuma maƙiyan suna ta aunarsa a duk inda ya bi, kafin ka ce me allo ya cika da harsashi ta ko'ina shi da kansa ya watsa su. Abin da ake yi shine ka tsaya can gefe ɗaya, misali hagu, ka riƙa taɓa maɓallin dama kaɗan-kaɗan, taɓ, taɓ, taɓ, duk harsasan sai su zama igiya ɗaya a bayanka suna faɗawa inda ka baro. To idan ka kusa ƙure bangon dama fa? Nan ne ake yin juyi: kafin ka ƙure sai ka yi tsalle ɗaya mai sauri gaba, ko ka ɗan haura sama, wannan saurin zai buɗe giɓi a cikin igiyar harsasan, sai ka juyo ka ratsa ta giɓin ka koma hagu ka ci gaba da taɓ-taɓ ɗinka. Da farko zai riƙa kashe ka, ka daure, ranar da hannunka ya kama shi zaka ga wuraren da kake zaton basu wucuwa sun zama ba komai ba. Kuma kar ka manne a ƙasan allo kullum, maƙiyin da ka kashe da wuri tun yana leƙowa bai samu damar harbi ba, sau da yawa matsawa sama yafi zama a ƙasa aminci.

Tsira tukunna, kuma ka daina rowar bom

Kafin ka fara maganar maki da gaske ya kamata ka iya kai gem ɗin ƙarshe da kwabo ɗaya ba tare da danna continue (wato ci gaba daga inda rayukanka suka ƙare) ba, wannan shi ake kira 1CC, ko aƙalla ka riƙa kaiwa lebul na huɗu a kai a kai. Dalili kuwa mai sauƙi ne, a mafi yawansu da ka danna continue makinka ya koma sifili, kuma makin da yake lebul na ƙarshe ya ninka na lebul na farko nesa ba kusa ba, don haka wanda ya tsira har ƙarshe ba tare da wata dabara ba yakan fi wanda ya ƙware a lebul ɗaya ya mutu a na uku. Idan rayukanka suka ƙare ka koma farko. In kana so ka ga yadda gaba take ka danna continue sau ɗaya ka leƙa ba laifi, amma kar ya zama ɗabi'a.

Bom kuma don Allah ka yi amfani da shi. A yawancin gem ɗin in ka mutu ana sake cika maka bom, ma'ana duk bom ɗin da ka mutu da shi a hannu ya tafi a banza. Mutum yana da rai uku kowanne da bom uku, in ya yi amfani da su duka kusan dama goma sha biyu yake da ita, in yayi rowa dama uku ce kawai. Ka sa wa kanka doka: da zuciyata ta ce "anya kuwa", na danna. Mafi kyau ma ka tsara tun kafin ka fara, wurin kaza a bos (babban maƙiyin ƙarshen lebul) na uku kullum yana kashe ni to can bom zan saka ba tattaunawa. Daga baya idan ka ƙware zaka fara cire su ɗaya bayan ɗaya, don gem da yawa suna ba da lada ga wanda bai taɓa bom ba, amma wannan na gaba ne.

Yanzu ka zauna ka karanci yadda gem ɗinka yake ba da maki

Nan ne ainihin maganar. Kowane gem da dokarsa, kuma gem ɗin ba lallai ya gaya maka ba, sai ka nema ka karanta, ka rubuta sunan gem ɗin ka haɗa da kalmar scoring zaka samu bayanai. Bari in yi amfani da DoDonPachi na 1997 in nuna maka yadda tunanin yake.

A DoDonPachi in kana taɓa maɓallin harbi jirgi yana watsa harsashi yana gudunsa, in ka riƙe maɓallin sai ya koma leza mai ƙarfi gudun jirgin kuma ya ragu. Duk maƙiyin da ka kashe akwai wata 'yar ma'auni a saman allo da take cika sannan ta fara sauka da sauri, in ka kashe wani kafin ta ƙare to sarƙa ta ɗore, lambar hit ta ƙaru. Ribar sarƙa kuwa ita ce duk sabon maƙiyi ba makinsa kaɗai zaka samu ba, har da jimillar na waɗanda suka gabace shi a sarƙar. Mu sauƙaƙa lissafin, a ce maƙiya goma kowanne maki 100. In ka kashe su a rarrabe 1,000 ka samu. In a sarƙa ɗaya ne, 100 da 200 da 300 har zuwa 1,000, jimilla 5,500. In maƙiya ɗari ne, a rarrabe 10,000, a sarƙa 505,000. Kaga inda bambancin yake fitowa, mutum biyu sun gama lebul ɗaya babu wanda ya mutu amma makin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa.

Wannan sai ya juya maka yadda kake buga gem ɗin gaba ɗaya. Da can da maƙiyi ya leƙo kake kashe shi, yanzu kuma sai ka ga akwai wurin da babu kowa na daƙiƙa biyu kuma nan sarƙarka take tsinkewa kullum, to mafita ita ce ka bar wata tanka da rai ka jinkirta kashe ta don ta zama gada, ko ka ɗora leza a kan wani babban maƙiyi don muddin leza tana cin babban abu ma'aunin baya ƙarewa. Ga kuma ƙudan zuma guda 13 da aka ɓoye a kowane lebul waɗanda leza take tonowa, ga ladan da yake ta hauhawa in bom ɗinka ya cika ka ƙara ɗaukar wani baka taɓa ko ɗaya ba. Duk waɗannan sai ka san da su kafin ka neme su.

Sauran gem kuma kowa da nasa. A Ikaruga maƙiya fari da baƙi ne, kana kashe uku-uku masu kala ɗaya, ladan yana farawa daga 100 yana ninkawa har ya tsaya a 25,600 duk uku, ka kuskure ka haɗa kala ya koma farko. A Ketsui na 2003 kusanci ne, iya matsowarka jikin maƙiyi kafin ka fasa shi iya girman lambar akwatunan da zai zubar, daga 1 zuwa 5. A Battle Garegga na 1996 lambobin yabo ne suke faɗowa darajarsu tana hawa daga 100 har 10,000 in baka bar su sun wuce ba, kuma gem ɗin yana ƙara tsanani iya yadda kake ƙarfi, har ƙwararru sukan kashe jirginsu da gangan don su sassauta shi. A Touhou kuma akwai ladan cinye harin bos ba mutuwa ba bom, akwai shuɗayen abubuwan maki da suka fi daraja in ka kwashe su a saman allo, a da yawa daga cikinsu har gogar jikin harsashi ba tare da ya taɓa ɗigonka ba tana da lada. Abin da nake so ka ɗauka shine ka tambayi gem ɗinka tambaya ɗaya: a ina mafi yawan makin yake? Ka samo abu ɗaya ko biyu da suka fi kawo maki ka bi su, ƙananan ka ƙyale su tukunna.

Kalli na gaba da kai, amma da ilimi

A YouTube ka rubuta sunan gem ɗin da superplay (wato wasan ƙwararru) ko 1CC, wasu gem ɗin ma a cikinsu zaka iya sauke wasan waɗanda suke saman teburin maki ka kalla. Sai dai kar ka fara da na zakaran duniya kace shi zaka kwaikwaya, hanyarsa cike take da kasada da sai wanda ya shekara yana yi, kai nemi wanda makinsa ya ninka naka sau biyu ko uku, wannan zaka iya ɗauka. Kuma in kana kallo ka daina kallon harsasai, jirgin zaka kalla. Ina yake tsaye kafin maƙiyan su fito? Me ya fara kashewa, me ya bari? Yaushe ya koma leza? Ka rage gudun bidiyon zuwa rabi, ka kalli daƙiƙa talatin kacal, ka tsayar, ka je ka gwada, ka dawo. Zaka lura kusan ko yaushe ya riga maƙiyin isa wurin, kamar direban da ya san hanya ne, tun kafin ya hango rami ya riga ya kauce don ya san yana nan. Mutane suna cewa ai su saurin hannu ne da su, a'a, mafi yawan abin da kake gani shiri ne da maimaici, kuma wannan kowa zai iya.

Gina hanyarka gunduwa-gunduwa

Samu ɗan littafi da biro, da gaske nake, ko ka buɗe wajen rubutu a waya. Raba lebul na farko gida huɗu ko biyar, kowane gida ka rubuta abin da zaka yi a taƙaice, misali "fara a hagu, jirage shida, koma tsakiya, leza kan babbar tanka, bar ƙaramar ta dama sai na biyu sun fito". Sannan ka shiga wajen atisaye, kusan duk fitowar zamani tana da shi inda zaka zaɓi lebul ko ma bos kai tsaye, waɗanda kamfanin M2 ya sake fitarwa a jerin ShotTriggers har ajiye daidai wurin da kake so suna bari kayi ka riƙa komawa. Ka maimaita gida ɗaya har sai kana cin sa sau bakwai ko takwas cikin goma, in sau biyu cikin goma kake ci to wannan dabarar bata isa shiga cikakken wasa ba tukunna, ka nemi mai sauƙi ka riƙe ta kafin nan. Daga nan ka haɗa gida na ɗaya da na biyu, don mahaɗar ita ce take ba da wahala, inda ka ƙare na farko dole ya zama inda na biyu yake farawa.

Kuma kar ka ce sai ka sarƙe lebul gaba ɗaya daga farko har bos. Sarƙa biyu ko uku masu ɗan tsawo da kake samu kullum sun fi guda ɗaya doguwa da sai an yi sa'a. In ka samu lebul na farko ya zauna daidai gwargwado ka wuce na biyu da na uku, kar ka tsaya goge shi har yayi ƙyalli alhali na huɗu da na biyar inda makin yake ko hanya baka da ita.

Cikakken wasa, da cutar sake farawa

Akwai wata cuta da take kama kusan duk mai farautar maki, da sarƙa ta tsinke a lebul na farko sai ya danna sake farawa, ya sake, ya sake, awa biyu ta wuce bai ga lebul na uku ba. Ƙarshenta ya zama gwani a minti uku na farko, ranar da Allah ya bashi farawa mai kyau kuma sai ya isa lebul na huɗu hannu na rawa don ya kwana biyu bai ganshi ba, ya zubar da komai. Maganinta ka raba zamanka biyu, kashi na farko atisayen wuraren da suke baka wahala musamman na ƙarshe-ƙarshe, kashi na biyu cikakken wasa biyu ko uku da ka yi wa kanka alkawarin ko me ya faru sai rayuka sun ƙare zaka tashi. Zaka sha mamakin yawan lokutan da wasan da ya fara da kuskure shi yake zama sabon makinka mafi girma, saboda ka riga ka saki jiki.

Ka riƙa rubuta makinka a ƙarshen kowane lebul, ba na ƙarshen wasa kaɗai ba. Da haka zaka ga ƙarara cewa lebul na biyu ka tsaya cak sati guda, ko na uku ne yake hawa da sauka, sai ka san inda atisayen gobe zai nufa. Duk mutuwa kuma ka tambayi kanka me ya jawo ta, kuma amsar kar ta zama "harsashi yayi yawa", a'a, ina nake tsaye daƙiƙa uku kafin nan, wane maƙiyi na bari da rai da bai kamata ba. In gem ɗin yana ajiye maimaicin wasa ka ajiye ka kalla, Touhou yana yi kuma fayil ɗin ɗan ƙarami ne, in baya yi ka ɗauki allon da manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS ko ma ka jingina waya ta ɗauka.

Minti arba'in zuwa awa ɗaya kullum yafi awa shida ranar Lahadi kaɗai, hannu yana koyo ne da maimaici da barci a tsakani, sau da yawa abin da ya gagare ka da daddare da safe sai ka ga ya wuce salin alin. In wuyan hannu ko yatsu suka fara zafi ka tashi ka huta, kuma in gem ɗin yana da maɓallin harbi mai ci gaba da kansa kayi amfani da shi a maimakon ka riƙa dukan maɓalli ɗaya na rabin awa.

Sai fitar da makin waje

Idan ka samu makin da ka ji daɗinsa ka ɗauki hoton allon ƙarshe, ka rubuta sunan gem da wace fitowa ce, wane yanayi, wane jirgi ka ɗauka da lebul ɗin da ka kai, don ba a gwada makin Novice da na Original, kuma ko a gem ɗaya jirgi da jirgi teburinsu daban ne a wajen masu lissafi. Makin da za a karɓa shine na zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, saiti yadda yazo, ba continue, ba komawa wurin da aka ajiye, ba rage gudun gem. Na Steam da yawa suna da teburin maki a ciki da zai hau da kansa in kana kan intanet. Kar lambar waɗanda suke sama ta karya maka gwiwa, wasunsu sun fi shekara goma a kan gem ɗaya, kai ka duba sunan da yake sama da kai da mataki biyar ko goma ka sa shi a gaba, in ka wuce shi ka zaɓi wani. In kuma kana da aboki da zaku ɗauki gem ɗaya tare kuna turawa juna hoton maki a WhatsApp duk sati to wannan yafi komai sa mutum ya dage, ku amince kan yanayi ɗaya da jirgi ɗaya, ku fara da makin lebul na farko zuwa na biyu kawai, wata mai zuwa ku ƙara na uku.